Faiba tsakanin gini biyu: wace iri za a saya?

Tambaya: Malam, ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta. Tsakanin ofis da ɗakin kwamfuta akwai mita 250. Mun ja wayar Cat6 ta tagulla, amma sadarwar sai yankewa take yi. Faiba ce mafita?

Amsa: Ita ce. Iyakar Cat6 mita 100 ne, kun ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Akwai kuma abin da ya fi nisan damuna: tagulla tana ɗaukar wuta. Tsawa ta faɗi kusa, wayar za ta iya kwaso wutar ta ƙona suwic, wato akwatin da ake jona wayoyin kwamfutoci, a ginin nan biyu. Faiba kuwa zaren gilashi ce, haske kawai take kaiwa.

Ga iri biyu da za ka tarar, kuma lambar tana rubuce a jikin wayar. OM3, wadda akasari take zuwa da shuɗiyar riga mai haske, tana kai gigabit 10 har mita 300. OS2, mai rigar ruwan ɗorawa, kaurin tsakiyar zarenta da haske ke bi maikuron 9 ne kacal (maikuron dubu ke yin milimita ɗaya), tana kuma kai wannan gudun har kilomita 10. Duk biyun za su yi maka, amma ni OS2 zan zaɓa, don OM3 ta kusa bakin iyakarta, kuma waya ba ta tafiya a miƙe. Kwana-kwana na cin mita.

Kowane ɓangare na buƙatar ɗan ƙarfen SFP da ake cusawa a suwic don a jona faibar, ko midiya kanbata, wato ɗan akwatin da ke haɗa faiba da wayar tagulla, in suwic ɗin ba shi da ramin. Dole biyun su zama iri ɗaya, su kuma dace da wayar. Sayi wadda aka yi don waje, aka riga aka ɗaura mata kawunan jonawa irin LC, mai zare huɗu ko shida, don na ajiya.

Tambaya: Na jona komai, fitilar suwic ɗin ba ta kama ba. Wayar ce ta karye?

Amsa: Kafin ka zarge ta, sauya wa kawuna biyun da ka jona wuri a ɓangare ɗaya, domin zaren da ke aikawa a nan shi ke karɓa a can. In ba ta kama ba, ƙura ce ake fara tuhuma: goge bakin da alƙalamin goge faiba, ba da gefen riga ba. Duba kuma ko an lanƙwasa ta sosai a wani lungu. Kada dai ka leƙa bakin da idonka. Hasken ba ya ganuwa, amma yana iya yi wa ido lahani.