Hawayen Mace da Tsawar Namiji a Gasar Kasuwanci

Tambaya: Malam, a gasar kasuwanci ta talabijin, me ya sa idan mace ta yi hawaye ake cewa ba ta iya shugabanci ba, amma namiji ya daka tsawa a yaba masa? Daga wata mai sayar da atamfa, Nima, Accra.

Amsa: Hajiya, tun da aka fara gasar kasuwanci ta talabijin mai suna The Apprentice a Amurka a 2004, masu shirya irin wannan gasa ne ke zaɓar abin da za mu gani. Daga ɗaukar awanni da yawa, sukan tsinto hawayen mace su cika allo da fuskarta, su tsallake lissafin ribar da ta fitar daidai. Tsawar namiji ma fushi ce da ya kasa dannewa, kuma a ganina ta fi hawaye ɓata ciniki, domin tana kashe gwiwar abokan aiki.