Wa zai riƙe ragamar kare yara a intanet?

Kin tambaya ko hukuma ɗaya za ta iya kare yaran ƙasa duka a intanet. Ba za ta iya ba, amma dole ɗaya ta riƙe ragama, da doka da kasafin kuɗi a hannunta. 'Yan sanda, kotuna, ma'aikatar ilimi da kamfanonin sadarwa su zauna tare da ita. Irin wannan haɗin gwiwa ƙa'idojin kare yara a intanet da ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2020 suka ba da shawara a kai.

Wurin miƙa rahoto daga wata hukuma zuwa wata ne aikin ke lalacewa. Uwa ta kira layin taimako kan hoton ɗanta da aka yaɗa a intanet, a rubuta ƙorafinta, shi ke nan. Wa zai adana shaida kafin a sauke hoton? Wa zai je wurin yaron? A rubuta wannan cikin yarjejeniya tsakanin hukumomin, kowane mataki da mai shi da wa'adinsa na awoyi.