Inci 43 ko inci 55 a falo mai ƙafa 12? Ga yadda ake lissafin

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da ka tambaya shi ne: falonka ƙafa 12 ne daga bangon da za ka rataya talabijin zuwa bangon da doguwar kujera ta jingina, kuɗin hannunka ya kai inci 43 mai 4K, wato allo mai ɗigon hoto sama da miliyan 8, in ka ƙara wani abu ka ɗauki inci 55, kuma mai shago ya ce maka 55 ta fi ƙarfin ɗakin, za ta ɓata wa yara ido. Ka ce abin da kuka fi kallo ƙwallo ne da labarai ta dikoda, sai YouTube jefi-jefi. Shawarata ka ɗauki inci 55. A tazarar da kake zama, girman allo idonka zai fara lura da shi kafin yawan ɗigon hoto, kuma ga dalilin.

Da farko kada ka yi lissafi da faɗin ɗaki. Ka zauna a kujerar yadda ka saba zama, ka sa yaro ya ja tef daga daidai idonka zuwa inda gilashin talabijin zai tsaya. A ɗaki mai ƙafa 12, in ka cire kaurin bayan kujera da ɗan tazarar da talabijin ke bari tsakaninta da bango, abin da zai rage kusan ƙafa 10 ne, wato mita 3. Wannan lambar ita ce tushen komai.

Ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta Amurka, SMPTE, ta ba da shawarar allo ya cika kusan digiri 30 na abin da ido ke gani daga hagu zuwa dama. Kamfanin THX, da ke auna ingancin gidajen sinima, ya fi son digiri 40. In an mayar da shi lissafin kasuwa, ka ninka tazararka ta ƙafa sau 7.5 don samun na farko, ko sau 10 don na biyu. Mai awo da mita ya ninka sau 25 ko sau 33. Ƙafa 10 ke nan ta ba ka inci 75 a ma'aunin farko, inci 100 a na biyu. Ban ce ka nemo inci 75 ba. Na kawo lissafin ne don ka ga cewa 55 ko kusa ba ta yi wa falonka yawa ba. Daga mita 3, inci 43 tana cika digiri 18 ne kawai, inci 55 digiri 23, inci 65 digiri 27. Duk ukun suna ƙasa da ma'aunin.

Mutane suna raina bambancin 43 da 55 saboda sun ga inci 12 ne kawai tsakani. Incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, a karkace, don haka in ya ƙaru, faɗi da tsayi duk ƙaruwa suke yi tare. Allon inci 43 faɗinsa santimita 95 ne, tsayinsa 53 da rabi. Na inci 55 faɗinsa 122, tsayinsa 68 da rabi. Na inci 65 kuwa 144 ne da 81. In ka lissafa fili, 55 ta ɗara 43 da kusan kashi 64 cikin ɗari, 65 kuma ta ɗara 55 da kashi 40. A wajen kallon ƙwallo nan ne abin yake fitowa fili: lambar rigar ɗan wasa, agogon wasa da ke can saman kusurwa, da rubutun da ke gudana a ƙasan allo lokacin labarai. Dattijon da idonsa ya fara rauni zai karanta su a 55 yana jingine, a 43 sai ya matso.

Kafin ka fita kasuwa, yanki kwali ko ka haɗa tsofaffin jaridu daidai 122 da 69, ka manna a bangon da salatif, ka zauna ka kalle shi kwana biyu. Ka yi na 95 da 54 ma ka gwada. Wannan zai nuna maka ko zai taɓa taga, labule ko soket.

Sai maganar 4K, wadda ita ce aka fi ruɗar masu saye da ita. Hoton talabijin ƙananan ɗigo ne a jere. Allon HD na da ɗigo 1280 a kwance, 720 a tsaye, kodayake yawancin masu inci 32 suna zuwa da 1366 da 768. Full HD na da 1920 da 1080, ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. 4K na da 3840 da 2160, sama da miliyan 8, ninki huɗu ke nan. Amma ido yana da iyaka. Mai lafiyar ido yana iya bambance ɗigo biyu ne in tazararsu ta kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri ɗaya, in sun fi haka matsewa sai su haɗe masa. Daga nan aka fitar da ƙa'idar tsayin allo: hoton 720 yana cika wa ido a tazarar da ta ninka tsayin allo sau 4.8, hoton 1080 sau 3.2, hoton 4K sau 1.6.

Mu ɗora a kan taka matsalar. A inci 43, in ka wuce mita 1.7 daga allo, idonka ba zai ƙara bambance Full HD da 4K ba, kuma sai ka matso ƙasa da mita ɗaya kafin ka ga duk abin da 4K ɗin ta ƙunsa. A inci 55 iyakar bambance Full HD da 4K mita 2.2 ce, a inci 65 mita 2.6, a inci 75 mita 3. Kai kana mita 3. Ma'ana, ɗigo miliyan 8 da ke cikin wannan inci 43 ɗin ba za su iso idonka ba daga kujerarka. Wanda ya sa ta a kan tebur yana aikin kwamfuta ko wasan gem da ita, shi ne zai mori kuɗinsa.

Duk da haka kada ka wahalar da kanka neman inci 55 mai Full HD don rage kuɗi. Manyan kamfanoni kusan duk sun koma 4K daga inci 50 zuwa sama, don haka za ta zo maka da shi ko ba ka nema ba. Abin da nake hana ka shi ne ka rage girma don ka samu tambarin 4K. 8K kuwa, mai ɗigo miliyan 33, ka cire ta daga lissafi gaba ɗaya.

Yanzu ga inda babban allo yake da illa, kuma shi ya sa ban tura ka kai tsaye zuwa 65 ba. Talabijin ba ta ƙirƙirar abin da ba a aiko mata ba. Tashoshi da yawa da ake kamawa ta dish da eriya har yanzu da tsohon ma'auni suke watsawa, ɗigo 720 da 576, ƙasa da rabin miliyan. In wannan hoton ya shiga allon 4K, dole talabijin ta shimfiɗa kowane ɗigo ɗaya ya rufe wajen ɗigo 20, sauran ta cike da kintace. Irin wannan hoton yana yin sumul ne a tazarar da ta ninka tsayin allo sau 6: mita 3.2 a inci 43, mita 4.1 a inci 55, kusan mita 5 a inci 65. Daga mita 3, a 55 za ka ga ɗan laushi a fuskoki da gefen rubutu, wanda ido ke sabawa da shi. A 65 laushin ya fi fitowa, musamman ciyawar filin ƙwallo in kyamara na gudu. Don haka ka duba tashoshin da kuka fi kunnawa. In yawancinsu masu alamar HD ne, kuma aljihu ya yarda, 65 ma ta dace da ɗakinka. In gauraye ne, 55 ce tsaka-tsaki.

Akwai kuskuren da ke ɓata hoto a gidaje da yawa, a ɗora wa talabijin laifi alhali ba nata ba ne: wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. Ba ta iya ɗaukar abin da ya wuce layi 576, ko da tashar HD ce. Ka tabbata dikodarka tana da ramin HDMI, ka haɗa da wayar HDMI, sannan ka shiga saitin dikodar ka sa fitar hoto a 1080, domin wasu suna zuwa a saite a 576. Ka kuma duba siffar hoto tana 16:9, in ba haka ba mutane za su fito a baje kamar an danne su. In dikodar tsohuwa ce marar HDMI, canza ta zai gyara maka hoto fiye da duk wani ƙarin kuɗi da za ka zuba a talabijin. Ba sai ka sayi waya mai tsada ba, a tsawon mita biyu ko uku kowace lafiyayyar HDMI tana ɗaukar 1080.

Ta ɓangaren intanet, 4K tana cin data sosai. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya ta 4K tana iya kai gigabait 7, ta HD kuma gigabait 3. YouTube suna ba da shawarar gudun megabit 20 a daƙiƙa don 4K, megabit 5 don 1080. In da wayarka kake raba wa talabijin data, ka tsayar da ingancin a 1080, ko 720 in layi na jan ƙafa. Daga mita 3 a inci 55, 1080 ba ta rage maka komai da ido zai kama ba.

Maganar ɓata ido kuwa, girman allo ba ya lalata ido. Abin da ke gajiyar da shi haske ne mai ƙarfi a cikin ɗaki mai duhu, da daɗewa ana ƙura ido ba ƙiftawa. Sabuwar talabijin takan zo a saitin shago, haske a ƙure, launi ya yi kau. Ka mayar da ita saitin gida, ka zaɓi yanayin fim ko na daidai, ka rage hasken baya da dare, ka bar ƙaramin ƙwai a kunne a ɗakin. Yaron da kullum sai ya manne wa allo kafin ya gani, a kai shi a duba idonsa, wataƙila matsalar na nan tun kafin talabijin ta shigo gidan.

Wurin ratayawa ma yana canza lissafi. Tsakiyar allo ya kamata ta zo daidai idon wanda ke zaune, wajen santimita 100 zuwa 110 daga ƙasa ga mai zama a kujera. A inci 55, gefenta na ƙasa zai tsaya wajen santimita 70 ke nan. Masu ratayawa sukan kai ta can kusa da silin don kada yara su taɓa, sai ka ga kowa na kallo da ɗagaggen wuya. In dole sai ta hau sama, ka sayi maratayi mai sunkuyowa. A gidan da ake zama a kafet ko tabarma, a sauko da ita ƙasa da haka, kuma a tuna yaran da ke gaba a mita ɗaya da rabi ko biyu suke, su ne ma za su fi ganin amfanin 4K. Ka duba tazarar ramukan sukuru huɗu da ke bayanta, misali 200 da 200 ko 300 da 300 a milimita, maratayin ya dace da su. In bangon bulo ne mai rami, a sa ƙusoshi masu buɗewa a ciki, kada a dogara da ƙusar kankare.

In kujerun falon sun zagaye ɗakin, ka gwada kallon allon daga gefe tun a shago. Allon da ake kira VA baƙinsa ya fi zurfi, amma launinsa yana kodewa ga wanda ke gefe. Na IPS ya fi riƙe launi ta gefe, sai dai baƙinsa yana komawa toka-toka a cikin duhu. Falon da ake cika da baƙi ranar wasa, IPS ya fi masa. In akwai taga da ke fuskantar allon, labule mai kauri zai yi maka aikin da ƙarin ɗigo ba zai yi ba.

Idan da sola ko inbata kake kunnawa, karanta takardar da ke manne a bayanta ka ga wat nawa take ci. Inci 55 takan ci tsakanin wat 80 zuwa 150, gwargwadon samfuri da yadda ka ɗaga haske. A ce wat 120 ne na awa biyar, wat-awa 600 ke nan. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma rabinsa kawai ya kamata a sha in ana son ya daɗe, don haka talabijin kaɗai ta cinye rabin abin da kake da shi kafin fanka da ƙwai. Rage hasken baya yana sauke cin wutar sosai. Ka kuma sa mata na'urar kariya daga hawa da saukar wuta, musamman in ana juyawa tsakanin janareta da wutar layi.

Ranar saye ka tafi da tef ɗinka. Ka auna gilashin da ke nuna hoto kaɗai, ban da firam, daga kusurwa zuwa kusurwa: inci 43 santimita 109 ce, inci 50 ita ce 127, inci 55 kusan 140, inci 65 kuma 165. Akwai kayan da lambar da ke jikin kwali ta fi abin da ke ciki. Haka nan wasu kwalaye suna ɗauke da 4K da manyan baƙaƙe, alhali nufinsu talabijin tana karɓar hoton 4K ne kawai, allon kansa 1080 ne. Ka nemi inda aka rubuta 3840 da 2160 a takardar bayani, ka kuma bincika lambar samfurin a shafin kamfanin ta wayarka. Kada ka yanke hukunci da bidiyon furanni da tsuntsaye da suke kunnawa, don tallar allo aka shirya shi. Ka ce a jona maka dikoda a sa tashar da ba HD ba, ka ja baya taku huɗu, ka kalli fuska da rubutu, nan ake gane wadda ta iya shimfiɗa ƙaramin hoto. Sannan ka sa hoto fari fat da baƙi ƙirin daga filash ka nemi mataccen ɗigo ko hasken da ke tsiyaya ta gefe, a rubuta maka lambar samfuri da ta garanti a rasit. Wajen ɗaukowa, a tsaye za a riƙe kwalin a mota ko a keke, kada a kwantar da shi, domin gilashin siriri ne kuma gargadar hanya tana tsaga shi ta tsakiya.