Sisina uku da Bature ya tafi da su

Wa alaikis salam Hajara. Ya gida, ya maigidan naki, ya yara, ya kuma sanyin Amurka. Mu nan Zariya lafiya lau sai godiya, gwiwar nan ce dai da kin riga kin san halinta.

Saƙonki tun shekaranjiya na gan shi, na bari ne sai na gama dariya tukuna. Wai an saya wa Abba asusun roba mai batir, duk tsabar da ya jefa sai lamba ta fito a murfi, surukarki ta hango a bidiyo ta ce maza a liƙe wurin lambar da salatif don ƙirga kuɗin asusu yana kore albarka, shi ne kike tambayata da gaske haka al'ada take ko camfi ne kawai. Na karanta wa Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki. To amma da na zo inda kika ce yaron kafin ya wanke ido sai ya duba lamba, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya tare shi da "ina da dala 43", nan fa dariyar ta ɗan tsaya min a wuya.

Ke ba ki riski Iya kakarki da ƙarfinta ba, Allah ya jiƙanta. Mu asusunmu na ƙasa ne, wajen masu tukwane ake sayowa, kamar ƙaramin tulu marar baki sai 'yar tsaga. Na uwarki Iya ta haƙa rami ƙarƙashin gado ta binne shi ta shafe da laka, tsagar kawai ake gani, duk ribar tallan ƙosai nan take shiga, kuma da shi aka yi rabin kwanukan jerenta. Nawa kuwa a bayan randa yake, na Sallah ne, ana ganin watan azumi ya raba a fasa a sai min takalmi da hula. Kuɗin lokacin ma da nauyinsu, kwabo da ɗari masu huji a tsakiya, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, sule sha biyu, sule ashirin fam guda. In ka ɗaga asusu kana jin sa a hannu. Ranar da Iya ta kama ni ina girgiza shi a kunne sai ta ce ajiye, ido ba mudu ba amma ya san kima, kuɗin da ka san yawansa ka riga ka kashe shi a zuci. Ban gane ba lokacin, ni dai na san na iya zare kwabo da tsinken tsintsiya kuma na sha ranƙwashi a kai.

Abin da zai ba ki mamaki, wannan asusu mai ƙirga da kuke gani sabon abu, ni na riƙe kakansa da hannuna a 1965, kuma daga ƙasar taku ya zo.

Ina shekara 14 aka kai ni koyon gyaran agogo da keken ɗinki a Sabon Gari, wurin wani dattijo da muke ce ma Maigida kawai, mutum ne marar yawan magana, gilashin nan na masu agogo kullum a maƙale a idonsa ɗaya. Lokacin akwai samarin Amurka 'yan Peace Corps da aka fara turowa zamanin Kennedy suna koyarwa a makarantun sakandare. Wata Asabar da hantsi cikin hunturu sai ga ɗayansu a kan keke, dogo siriri, wuyansa ja jawur, Hausarsa kamar ana jan akuya a kan kwalta amma dai ana ganewa. Ya kwance wani abu daga tawul ya ajiye kan teburi. Baƙin ƙarfe ne, bai kai bulo ba, siffarsa sak injin kuɗin nan na kantunan Turawa amma ƙarami, da hannu a sama da ake ja, da 'yar taga da lambobi ke leƙowa, an rubuta Uncle Sam a gabansa. Ya ce tun yana yaro babansa ya ba shi, ɗan kukunsa ya cusa masa taro ya maƙale, hannun ya ƙi gaba ya ƙi baya. Taron lokacin na tagulla ne mai kauri mai kusurwa 12, ina zai wuce.

Maigida ya miƙe 'yan kunnuwan ƙarfen da suka riƙe gindin da filaya, ya zare cikin gaba ɗaya, ya ce in matso da haske. Wallahi har yau ina ganin cikin abin nan. Babu batir babu waya, sifirin ne da fayafai masu haƙora da 'yar ƙararrawa kamar ta keke. Tsaba iri uku yake karɓa, senti 5, senti 10, senti 25, waɗanda kike kashewa yanzu. In ka sa kuɗi a tsagar ba faɗawa yake ba, kwanciya yake a wata 'yar kujera, sai ka ja hannun ya taho da shi. In babu kuɗi ka ja hannun banza ne, ba abin da zai motsa, don kuɗin shi ne yake zama kamar mabuɗi, gefensa ne ke tura wani harshen ƙarfe, faɗinsa kuma shi ke faɗa wa harshen haƙora nawa zai kama. Haƙori ɗaya senti 5. Mai 5 haƙori ɗaya ƙararrawa ta buga sau ɗaya, mai 10 sau biyu, mai 25 sau biyar a jere, ƙil ƙil ƙil. Abin da ya ɗaure wa Maigida kai shi ne mai senti 10 ya fi mai 5 ƙanƙanta amma shi ke jan haƙora biyu, ya juya su a tafin hannu ya ce Nasara dai ba ya rabo da murɗe. Ashe ba wai babba ya fi tafiya ba, kowane faɗi da matakin da aka yanka masa. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ke faɗawa bayan kowane haƙori ya hana faifan komawa, shi ya sa lissafin gaba kawai yake yi. In faifan senti ya zagayo ya cika 100 sai wani ɗan tsini a jikinsa ya zunguri na dala ya matsa ɗaya, kamar dai mitar mota mai ƙirga mil.

Amma inda mai ƙirar ya nuna ya san halin ɗan Adam shi ne ƙofa. Sakatar tana zaune ne a bakin wani faifai da aka yi wa giɓi wuri ɗaya tak. Lissafi na kaiwa senti 25 giɓin ya wuce, ƙofa ta kulle, ba makulli ba komai, kuma ba za ta sake buɗuwa ba sai faifan ya zagayo a dala 10 cif. Ko kuka za ka yi.

Muka ciro taron, Maigida ya wanke ƙura da kananzir, ya ɗiga man keke da gashin kaza, ya mai da lamba sifili ya rufe, ya ajiye a kanta ya tafi azahar ya ce in kula da shago. Ni kuma a aljihuna akwai sisi uku, sule da sisi kenan, ladan wankin agogo na kusan wata guda da nake tarawa in kai wa asusun bayan randa. Tun da safe na lura sisinmu da mai senti 10 ɗin nan kusan kansu ɗaya. Shaiɗan ya ce gwada mana. Na sa ɗaya na ja hannu, ƙil ƙil, taga ta nuna 10. Kai, daɗi ya kama ni, na buɗe ƙofa na leƙa abina na rufe. Na sa na biyu, 20. Sai na ce bari in zuba ukun in ji kiɗa da kyau, ban mai da hankali kan abin da aka faɗa da safe ba. Na uku na shiga lamba ta haye 25, na ji wani ƙas daga ciki. Na ja ƙofa gam. Na girgiza, na kifa shi, na zura tsinke yadda na saba yi wa na Iya, ina, wannan ba ya jin tsinke. Na zauna na buga lissafi da yatsa a ƙurar teburi, kafin ya buɗe sai sisi wajen 100, fam 2 da sule 10, ni da ko fam guda ban taɓa riƙewa nawa na kaina ba. Gumi ya keto min cikin hunturun nan.

Maigida ya dawo yana jan carbi, ya kalli taga ya kalle ni. Da filaya minti biyu ya ishe shi ya buɗe, amma sai ya ce kunnuwan ƙarfe ba sa son lanƙwasa sau uku, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Da yamma Baturen ya zo aka ba shi labari ya yi ta dariya har yana dukan sirdin keke, ya sa hannu aljihu zai biya ni, Maigida ya ɗaga masa hannu ya ce a'a, yaro ajiya ya yi, a bar masa ajiyarsa. Haka ina ji ina gani aka naɗe sisina a tawul aka ɗaure a bayan keke. Sallar nan da tsohon takalmi na je kallon hawa ƙofar fada.

Washegari da ya ga na kumbura sai ya ce min, ka lura injin nan bai san kuɗi ba? Faɗi ya sani. Ka ba shi sisi ya ce senti 10, in ka goge washar noti ta yi daidai ita ma zai buga mata ƙararrawa. Kuma abin da ya wuce ta baki yake ƙirgawa, bai taɓa leƙa cikinsa ba.

To na Abba ma da na sa Sadiku ya buɗo min hotonsa a waya ya yi min bayani, dabarar ce dai ba ta canza ba. A tsagar murfin akwai ɗan harshe mai sifirin, tsaba na shiga ta ture shi gwargwadon faɗinta, sai dai maimakon haƙora batir ke riƙe lissafi. Kuma wai murfin murɗewa kawai ake a buɗe, har da maɓallin ƙari da ragi. Nan na ce to ina asusun? Kwalba ce mai surutu. Ke kanki in kuɗin burodi ya yanke miki za ki iya ɗiba lamba na nan tana rantsuwa 43 ne, kar ki ce min ba ki taɓa ba.

Zancen albarka kuwa, surukarki ba daga iska ta ɗauko ba. Malaminmu na zaure yakan kawo hadisin Nana A'isha, sha'irin da ya rage mata ta daɗe tana ci, da ta auna shi sai ya ƙare. Amma shi ɗin dai ya karantar da mu wani da aka ce ku auna abincinku a sa muku albarka. Yadda ake haɗa su wannan sai malamai, ni mai gyaran agogo ne, kar ki je ki ce Kawu ya ba da fatawa. Iya dai ba ta taɓa ce min haramun ba, abin da take cewa shi ne ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A gidanmu ko 'ya'ya ba a faɗin yawansu gaban baƙo balle kuɗi. Yanzu kuwa mutum ya sai waya sai duniya ta gani, ya ci kaza sai an ɗauka, to yaro ɗan shekara bakwai me zai koya in ba shelar dala 43 ba. Laifinmu ne ma wani wajen, mu muka daina saya muku na ƙasa muka ce ƙauyanci ne.

Ko da yake mu nan ina ma tsabar take. Tun da aka koma naira a 1973 sule ya zama kobo 10 abin ke ta lalacewa, na 2007 ɗin nan kobo 50 da naira 1 da naira 2 ko almajiri ba ya karɓa. Yanzu akwatin katako kafinta ke bugawa ana cusa takarda. Na Hajiya dole muka fasa shi ba lokacinsa ba a Janairun 2023 da aka ce tsofaffin 200 da 500 da 1000 za su daina aiki, muka tarar gara ta ci gefen wasu, na wuni a layin banki da wannan gwiwar. Ranar kam na ce da ma mun riƙa dubawa.

Salatif dai ba shi da tsada, ki liƙa ko don tsohuwa ta ji daɗi, uwar miji ce. In ni ne ma murfin zan fara naɗewa kafin lambar. Shi kuma abokin nawa Abba ki ce masa matarsa Hajiya ta ji labarin dukiya, ta ce tunda ya faɗa da bakinsa sai ya aiko kuɗin cefane. Kuma in kina zaga kasuwar 'yan gwanjonku kika ga baƙin Uncle Sam ɗin nan mai hannu a sama, ki ɗan girgiza shi a kunne, in an buɗe aka ga sisi mai kan Sarauniya guda uku to nawa ne. An kira magariba, ki gaida maigidan.