Amsa ga Sani kan guntun ƙarfen da na ƙi bugawa

Sani, ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na mayar da aikin mutumin da ya kawo zane a filashi, alhali bai yi jayayya a kan kuɗi ba, kuma abin da yake so a buga masa da injinmu na 3D mai ƙera kayan ƙarfe bai kai tsawon yatsa ba. Ka ce ya gaya maka cewa gyara ne na bindigar masu tsaron ƙauyensu, kuma a ganinka hana shi tamkar barin talakawa ne a hannun 'yan bindiga. Na zaɓi in amsa maka a rubuce domin ka karanta a natse, tunda watarana kai ne za ka tsaya a bakin injin nan ba tare da ni ba.

Ka san yadda injin yake aiki, amma ina so ka sake dubansa da idon mai ɗaukar alhaki. Yana shimfiɗa garin ƙarfe wanda kaurinsa yake tsakanin kashi 20 da 60 cikin dubu na milimita, hasken lesa ya bi zanen ya narkar da inda aka nuna masa, sannan a sake wata shimfiɗar a kai, duk a cikin akwatin da aka kori iskar waje aka cika shi da iskar agon ko naitirojin. Guntun da tsayinsa santimita 5 ne kawai yana ɗauke da shimfiɗa fiye da ɗari takwas, kuma kowace ɗaya walda ce mai zaman kanta. Idan garin ya sha danshi, ko ƙarfin hasken ya ragu, ko wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki kafin janareta ya karɓa, sai a sami wurin da ƙarfen bai narke ya haɗe ba, ko ƙananan ramukan da ido ba ya gani. Ƙari a kan haka, saboda saurin zafi da saurin hucewa, ƙarfen yakan fito a ɗaure yana jan kansa, kuma ƙarfinsa ta tsaye ba ɗaya ba ne da ƙarfinsa ta kwance. Mahaifina a maƙera yana jin lafiyar ƙarfe ta ƙarar da yake yi a kan uwar maƙera da yadda yake karɓar masaba. Mu ba mu da wannan kunnen a nan, domin ƙarfen da aka buga yana fitowa sumul a waje ko da cikinsa ya lalace.

Shi ya sa manyan kamfanoni ba sa yarda da abin da ya fito daga inji sai sun wahalar da shi. Kamfanin GE na Amurka ya buga bakin fesa mai na injin jirgin sama samfurin LEAP, ya mayar da sassa kusan 20 guda ɗaya, nauyinsa ya ragu da kashi 25 cikin ɗari, amma bayan wannan nasarar akwai shekarun gwaji, da gasa ƙarfe a tanda, da ɗaukar hoton cikinsa, da karya samfura domin a ga inda suke gazawa. Idan fankar famfon ban-ruwa da muka buga wa manomin Zobe ko Jibiya ta tsage, famfo zai tsaya, ya dawo mana, mu sake masa. Ita kuwa bindiga, a lokacin harbi matsin da ke cikinta yakan haura na iskar da muke shaƙa sau dubu biyu ko fiye, cikin ƙiftawar ido, kuma tana kusa da fuska da yatsun mai riƙe da ita. Ɓoyayyen ramin nan ba ya nuna kansa a harbin farko dole. Yana iya jira, tsagar tana girma kaɗan-kaɗan, har ranar da ƙarfen zai tarwatse a hannun yaron da aka ce ana so a kare.

Kada ka fahimce ni cewa da muna da kayan gwajin da zan buga. Wanda ya fashe yana cutar mutum ɗaya ko biyu, wanda ya yi aiki lafiya shi ne na fi tsoro. A watan Mayun 2013 wani matashi a jihar Tekzas ta Amurka mai suna Cody Wilson ya saki zanen ƙaramar bindigar roba a intanet, kuma cikin kwana biyu an sauke shi kusan sau 100,000 kafin hukuma ta sa a cire shi, cirewar da ba ta dawo da ko kwafi ɗaya ba. A watan Nuwamba na shekarar, kamfanin Solid Concepts ya nuna bindigar ƙarfe da ya buga da irin fasahar da muke amfani da ita, sai dai shi yana da lasisin gwamnatinsu na ƙera makamai. A 2014 kotu a Japan ta ɗaure wani mutum shekara biyu saboda bindigogin da ya buga a gidansa, a 2015 kuma jihar Niyu Sawut Wels ta Ostareliya ta mayar da mallakar zanen kansa laifi. Abin da ya tayar wa waɗannan ƙasashe hankali shi ne bindigar masana'anta tana da lamba da za a bi sawunta, wadda aka haɗa a ɓoye kuwa ba ta da lamba, ba ta da takarda, ba a san hannu nawa ta ratsa ba.

A Nijeriya dokar ba sabuwa ba ce. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana kowa ƙera bindiga ko haɗa ta ko gyara ta sai a wurin da hukuma ta ba izini, kuma tun 1964 akwai masana'antar makaman gwamnati ta DICON a Kaduna da aka kafa domin wannan aiki. Babu alƙalin da zai saurari cewa guntu ne kawai, ko cewa inji ne ya yi ba hannu ba.

Maganarka ta kare ƙauye ita ce ta fi nauyi a tambayar, kuma ba na raina ta. Babu Bakatsinen da bai san abin da ya sami Batsari da Jibiya da Safana da Faskari ba, kuma ba mu manta da daren da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar Ƙanƙara a watan Disambar 2020 ba. Amma ka tambayi kanka abin da ka sani game da mutumin nan ban da abin da ya faɗa da bakinsa. Ɗan bindigar da kayan aikinsa ya lalace ba zai shigo gari ya ce shi ɗan bindiga ne ba. Zai aiko mai kyakkyawar shiga da tattausan harshe, kuma labarin da zai kawo shi ne wannan da ka ji. Ko da mutumin gaskiya ya faɗa, makami ba ya zama a hannu ɗaya: ana ƙwace shi a artabu, ana sayar da shi idan talauci ya matsa, ana ɗaukar sa ranar rikicin gona. Kakannina sun yi wa mafarauta bindigar toka, amma sun san mai ita, sun san ubansa, kuma akwai Sarkin Maƙera da zai tuhume su. Zanen da ke cikin filashi bai san kowa ba, kuma idan ka buga ɗaya yau, gobe labari zai kai daji cewa akwai shago a Katsina da ke yi. Malamanmu sun hana sayar da makami a lokacin fitina saboda wannan dalili, kuma aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakon juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Mai son tsaron ƙauyensu yana da ƙofar da zai bi: hakimi, da 'yan sanda, da rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta kafa a 2023.

To, a aikace ga abin da nake nema daga gare ka. Duk wanda ya kawo zane, ka tambaye shi na wane inji ne, kuma ya nuna maka tsohon da ya karye ko hoton injin gaba ɗaya, domin mai gyaran injin niƙa ba ya jin haushin wannan tambaya, murna ma yake yi. Ka yi hattara da wanda ya kawo aiki ɗaya a rarrabe, yau guntu gobe guntu, ko wanda ya canza wa fayil suna, ko ya ninka kuɗi domin a yi masa da dare. Ka rubuta sunan kowa da lambar wayarsa da abin da aka buga masa a littafin shago, tare da buhun garin da aka yi amfani da shi, saboda wannan littafin shi ne shaidarmu ranar da aka zo bincike, shi ne kuma zai nuna mana inda matsala ta faro idan wani aiki ya gaza. Abin da ka yi shakka a kansa kada ka ajiye kwafinsa a kwamfuta, kada ka tura wa abokanka a WhatsApp da sunan mamaki, kuma kada ka yi gardama da mai shi. Ka ce sai maigida ya gani, sauran maganar, har da sanar da hukuma idan ta kama, nawa ne.

Akwai kuma haƙƙin jikinka da na maƙwabta. Garin alminiyam da na taitaniyam yana kamawa da wuta, ruwa kuma ƙara masa tashi yake yi, don haka busasshen yashi da abin kashe gobarar ƙarfe kaɗai ake kusantarsa da su. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, tartsatsin da ke fita daga jikin riga ya isa ya tayar da shi, shi ya sa nake matsa maka a kan ɗaura wayar ƙasa, wadda ke sauke wannan tartsatsin zuwa ƙasa, kafin ka buɗe akwatin. Garin bakin ƙarfe marar tsatsa yana ɗauke da nikel da kuromiyam masu illa ga huhu, iskar agon kuma ba ta da wari, tana taruwa a ƙasa ta kori iskar numfashi, saboda haka ba a tankaɗe gari babu takunkumin da ya dace, ba a kuma canza tulun gas a rufaffen ɗaki.