Growler ya ƙi nutsewa a Stormworks

Ɗan'uwa, ka ce kana gina Growler, jirgin ƙarƙashin teku na Amurka, a wasan kwamfuta na Stormworks, amma goshinsa ya ƙi nutsewa. Rumbunan makamai ne suka jawo. Growler na gaske, da ya fara aiki a 1958, yana da manyan rumbuna biyu a gaba, masu ɗaukar makamai masu linzami na Regulus guda 4. A wasan, duk ɗakin da ka rufe ruf cike yake da iska, sai ya riƙa ɗaga jirgin kamar gora a kogi. Sa tankin ruwa da famfo ƙarƙashin rumbunan, ka ƙara nauyi can ƙasa.

Kada ka wahala da harbi cikin ruwa. Growler na gaske ma sai ya taso, an jawo makamin waje, sannan a harba. Wannan matakin nake so ka gina da kyau.