Kamfanin inshora ya yi mini tayin diyya, in karɓa?

Tambaya: Wata mota ta buge tawa ta baya, na karye a ƙafa, aka yi mini tiyata aka sa ƙarfe. Wata uku ban je aiki ba. Kamfanin inshorar mai motar ya yi mini tayin kuɗi, ya ce in sa hannu a rufe magana. Ta yaya zan san ko kuɗin sun kai?

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Kada ka sa hannu tukuna. Takardar da suka miƙo maka ta yafe haƙƙi ce. Da zarar ka sa hannu, ko bayan shekara likita ya ce sai an sake tiyata a cire ƙarfen, ba za ka iya komawa ka nemi ƙari ba. Ka jira har likita ya rubuta cewa jikin ya kai inda zai tsaya, ya kuma faɗi abin da ya rage: gashin ƙashi na wata nawa, ko za ka ci gaba da ɗingishi, ko za ka iya komawa irin aikinka.

Diyya kashi biyu ce. Na farko shi ne asarar da ake ƙirgawa da takarda: kuɗin asibiti, magani, hoton ƙashi, sandar dogarawa, kuɗin motar zuwa ganin likita, albashin da ka rasa, da maganin da za ka nema nan gaba. Abin da ba shi da rasit, kamfanin zai yi kamar bai faru ba. In kana sana'ar kanka ne, bayanin asusunka na banki na watannin kafin haɗarin shi zai nuna abin da kake samu.

Na biyu shi ne raɗaɗi da wahala da tawayar rayuwa, kuma nan ne ake jayayya. A Amurka masu sasantawa kan ninka kuɗin magani sau 1.5 zuwa 5, gwargwadon munin rauni. Ba doka ba ce, ma'aunin ciniki ne kawai, alƙali bai ɗaure da shi ba. A wurare irin su Ingila kuwa, kwatanta raunin ake yi da hukunce-hukuncen baya. Amma lissafin ninkawar yana taimakawa. A ce magani ya ci 600,000, albashin da ka rasa 300,000. Karayar da ta kai ga tiyata, mu ninka kuɗin maganin sau 3, ya zama 1,800,000. In aka haɗa da kuɗin magani da albashi, jimilla 2,700,000.

Daga nan sai ragi. In aka samu kana da hannu a abin da ya same ka da kashi 20 cikin 100, kuɗin sun koma 2,160,000. Wanda aka buge ta baya yawanci laifin ba nasa ba ne, sai dai za su tambaya ko fitilar birkinka tana aiki, ko ka ɗaura bel. Kotunan Ingila kan rage kashi 25 idan bel ɗin zai hana raunin gaba ɗaya, kashi 15 idan sassauta shi kawai zai yi. Tsallake ranar ganin likita ma yana cin kuɗi, domin za su ce ai ka warke ne. Tsohon ciwo a wannan ƙafar kuma kada ka ɓoye shi, yana cikin fayil ɗinka na asibiti.

Tayin farko kusan kullum ƙasa yake. Ka mayar musu da amsa a rubuce, da lissafinka da kwafin kowace takarda, ka kuma nemi sanin iyakar abin da inshorar mai motar za ta biya. Abin da ya haura wannan, a wurin direban za ka nema. Ciniki da kamfani ba ya tsayar da wa'adin shigar da ƙara. A Ingila shekara 3 ne, a wasu wuraren bai kai haka ba, don haka ka sa lauya ya rubuta maka ainihin ranar da naka zai cika kafin ka aika musu amsa.